Taurarin Labaranmu Suna Ta Sauke Ajiyar Zuciya, Mu Fa?



Kwanakin baya na zauna gyaran wani labarina, sai na ce bari in ƙirga sau nawa tauraruwata ta "sauke ajiyar zuciya". A babi uku kacal na samu goma sha ɗaya. Saurayin nata ya "furzar da iska mai zafi" sau shida, ya "ja dogon numfashi" sau huɗu, ita ma Hajiya Babba sai da ta "nisa" sau biyu kafin ta yanke hukunci. Na san ba ni kaɗai ba ce, ku buɗe duk littafin da ake saki a waya yanzu, da wuya ku wuce shafi biyu wani bai sauke numfashi ba. Abin da ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayin kaina, shi ne a daidai lokacin da nake wannan ƙirge kafaɗuna sun ɗage sun kusa taɓa kunnuwa, haƙorana a datse, numfashina iyakarsa maƙogwaro. Mutanen da na ƙirƙira sun huta sau ashirin da uku, ni da na ƙirƙire su ko sau ɗaya ban huta ba.

Bara war haka ina tsakiyar wani dogon labari da nake saki shafi-shafi kullum. Duk wadda ta taɓa yin wannan ta san yadda abin yake. Da rana hidimar gida da aiki, sai bayan isha'i yara sun kwanta za ki jingina da bango ki ɗauki waya, babban yatsa ya kama aiki har ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. Da safe kuma saƙonni sun taru: "Anti yau shiru?" "Wallahi kin cika ja mana rai." "Mu fa kuɗi muka biya." Wajen wata na huɗu wuyana ya ƙage, sai in juya da jikina gaba ɗaya idan an kira ni. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya tsorata ni shi ne, in na ajiye wayar na kwanta, sai in riƙa jin bugun zuciyata a cikin kunne, barci ya ƙi zuwa har a yi kiran assalatu. Na je asibiti, aka auna jinina aka ce ya ɗan hau. Likitan ya tambayi ƙarfe nawa nake kwanciya, na faɗa masa, ya ajiye biro ya dube ni ya ce, "Malama, littafin ne zai yi miki jinya idan kin faɗi?"

Daga nan shawarwari suka fara zuwa. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta ce in koyi motsa numfashi. Wani ƙanena kuma ya turo mini bidiyon wasu tsofaffi 'yan ƙasar Sin a wani lambu da sassafe, suna ɗaga hannu suna saukewa a hankali kamar masu tafiya a cikin ruwa. Wasan Taici ke nan. Na gwada duka biyun, na farko wata biyar shi kaɗai, na biyu yau wata bakwai. Tunda na san da yawanmu ciwonmu ɗaya ne, ga ra'ayina tun kafin in yi nisa: marubuci ya koyi numfashin, domin a cikin kwana ɗaya ake koyonsa, amma idan rabin sa'a ɗaya tak gare shi a rana da zai ba jikinsa, to ya miƙe tsaye ya ba motsin. Akwai masu saɓa mini, kuma suna da hujja, zan kawo ta.

Bari in fara da ba numfashi haƙƙinsa, don abin ba tatsuniya ba ne. Baligi mai lafiya idan yana zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Duk lokacin da ya shaƙi iska zuciyarsa tana ɗan ƙara sauri, idan ya fitar kuma sai ta ɗan lafa. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannunku ku ja numfashi a hankali, da yawanku za ku ji bambancin. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka ƙirji da ciki, likitoci suna kiranta vagus, aikinta ga zuciya kamar aikin birki ne ga mota. Lokacin fitar da iska ne birkin ya fi kamawa. Saboda haka wanda ya gajarta shaƙa ya tsawaita fitarwa, ya daɗe ke nan yana taka birki. Lissafin da ƙawata ta ba ni mai sauƙi ne: shaƙa ta hanci sakan huɗu, fitarwa sakan shida, ciki ne zai riƙa tasowa, kafaɗa ta zauna inda take. Sakan goma ke nan kowane zagaye, numfashi shida a minti.

A watan Janairun 2023 wasu masu bincike na Jami'ar Stanford da ke Amurka suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum ɗari da 'yan kai. Sun raba su gida huɗu, kowa minti biyar a rana har wata guda. Gida uku aka ba su salon numfashi daban-daban, na huɗu aka ce su zauna shiru suna lura da numfashinsu ba tare da sun sarrafa shi ba. Waɗanda suka fi samun sauƙin rai su ne masu yin salon da ake shaƙa ta hanci, a ƙara wata 'yar gajerar shaƙa a kai har huhu ya cika, sannan a fitar ta baki a hankali, a daɗe ana fitarwa. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai. Ai wannan ita ce ajiyar zuciya. Ku lura da yaron da ya gama kuka aka goya shi, haka yake yi, ja biyu, saki ɗaya, daga nan sai barci. Abin da muke ta rubutawa a kowane shafi ne aka kai ɗakin bincike aka auna.

Tun 2001 ma wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna numfashin mutane suna karanta addu'ar carbi ta 'yan Katolika da harshen Latin, ya ga numfashin nasu ya sauka wajen shida a minti ba tare da an ce su rage ba. Wanda ya saba tilawa ba zai yi mamaki ba. Gajeren ja ne, sannan dogon saki tare da murya har ka isa waƙafi. A Kano kuwa 'yan Ƙadiriyya suna da zikirin da sunansa ma anfasu, wato numfashi. Wannan ibada ce, ban kawo ta don in haɗa ta da motsa jiki ba, na kawo ne don a san alaƙar numfashi da natsuwa ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Af, tunda zancen ya zo, marubucin da yake jera layi goma sha biyu babu aya babu waƙafi, ya gwada karanta rubutunsa a bayyane. Inda numfashinsa ya ƙare, nan ne jimlar ta mutu, mai karatu ma a nan ya gaji.

To numfashin ya yi mini aiki, ba zan yi masa butulci ba. Ranar da aka ce in yi magana a wani taron marubuta, a cikin adaidaita sahu na yi ajiyar zuciyar nan sau goma ƙarƙashin hijabi, ba wanda ya sani, na sauka ƙafata ba ta rawa. Ranar da wani ya yi wa labarina sharhi mai zafi har yatsana ya fara rubuta martanin da zan yi nadama, minti biyu na ƙirga huɗu da shida, na goge. Ba ya cin kuɗi, ba ya cin data, ba ya buƙatar fili ko malami, mai ɗaki ɗaya da mai ciwon ƙafa duk za su iya. Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa shi ya fi, kuma hujja ce mai nauyi a ƙasar da mutum bakwai suke kwana a ɗaki biyu.

Amma ga inda ya gaza a wajena, kuma ina zargin zai gaza a wajen yawancin marubuta. Aka ce in zauna, in rufe ido, in yi shiru. To ai wannan shi ne zaman da nake yi idan zan ƙulla labari. Shekaru na yi ina horar da ƙwaƙwalwata cewa da zarar jiki ya tsaya ido ya rufe, lokacin aiki ya yi. Sai in fara ƙirga ɗaya, biyu, uku, kafin in kai huɗu na tsinci kaina a babi na goma sha huɗu ina tunanin ko kishiyar ce za ta fara ganin wasiƙar ko uwar miji. In dawo, in sake, sai kuma tunanin wadda ta kwafe mini labari ta sa sunanta ya faɗo. Ƙirga huɗu da shida aiki ne ƙarami ƙwarai, ba ya cika kan da ya saba riƙe mutum talatin da danginsu da sirrinsu. Yana barin fili, kuma kan marubuci ba ya ganin fili ya ƙyale.

Akwai kuma daren da abin ya juye mini. Na ga wani salo da ake yaɗawa na shaƙa sakan huɗu, riƙewa bakwai, fitarwa takwas. Riƙewar nan ta sa na ji kamar an danne mini ƙirji, na tsorata, na fara jan iska da ƙarfi da sauri don in rama, nan take jiri ya ɗebe ni, yatsuna da leɓɓana suka fara tsirawa kamar ana tsira musu allura. Washegari ƙawata ta yi mini bayani: idan mutum ya yawaita numfashi da sauri yana fitar da iskar kabon fiye da kima, jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, shi ne jirin. Ta ce akwai masu yawan fargaba da sa ido a kan numfashi yake ƙara musu firgici, domin sai su fara sauraron ƙirjinsu suna neman matsala. Ba kowa ba ne, amma akwai su, kuma masu tallan abin a intanet ba sa faɗa.

Wuyana kuwa yana nan yadda yake. Ta yaya ma zai saki? Na yi awa biyar a zaune a dunƙule, maganin kuma aka ce in ƙara zama na minti goma. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Shi ya sa na koma kan bidiyon ƙanena. Ni dai a da iyakar sanina da faɗan 'yan Sin shi ne finafinan da yayyena maza suke haya a kaset, su Bruce Lee da Jackie Chan, a gama kallo su fita tsakar gida suna karya wa Inna muciya. Har akwai fim ɗin Jet Li na 1993 mai suna Tai Chi Master. A wajenmu faɗa abu ne na zafi, dambe da kokawa da kiɗa da kirari, ban taɓa kawo wa raina akwai faɗan da ake yi don a huce ba.

Asalinsa kuwa faɗa ne na gaske. Masu tarihi suna kai shi wani ƙauye mai suna Chenjiagou a lardin Henan, wajen dangin Chen, musamman wani tsohon soja, Chen Wangting, a ƙarni na 17. A ƙarni na 19 wani baƙo mai suna Yang Luchan ya koya a ƙauyen ya kai shi Beijing. Jikansa Yang Chengfu, wanda ya rasu a 1936, shi ya daidaita salon ya zama mai faɗi, mai tafiya a hankali da gudu ɗaya, aka rage tsalle da bugun ƙasa. Dogon tsarin gidan Yang ya haura motsi tamanin, wasu ma suna ƙirga 108. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 don talakawa su iya koya, ana gama shi cikin minti biyar zuwa shida, kuma shi ne aka fi yi a duniya yau. A watan Disambar 2020 hukumar UNESCO ta sa Taici cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. Kowane motsi da kuka ga tsohuwa tana yi kamar mai shafa iska, a asalinsa karewa ne, ko turewa, ko kama hannu a murɗe.

Marubuta, ku ji sunayen motsin, don ni su suka fara jan hankalina: raba gezar dokin daji, farin gauraka ya buɗe fukafukai, kama wutsiyar gwara, hannuwa kamar gajimare, zakaran zinariya ya tsaya da ƙafa ɗaya, allura a ƙarƙashin teku. Mutumin da ya ga an sunkuya an miƙa yatsu ƙasa ya ce allura ake nema a ƙasan teku, ai ɗan uwanmu ne a sana'a.

Dalilin da ya sa nake cewa ya fi dacewa da mu shi ne wannan. Taici yana cinye hankali gaba ɗaya. Nauyin jiki yana kan ƙafar dama, za ki mayar da shi hagu a hankali ba tare da kai ya yi sama ko ƙasa ba, diddige ne zai fara taɓa ƙasa, ƙugu ne yake juyawa hannu ya bi shi, hannun hagu yana hawa na dama yana sauka, ido yana bin wanda ya hau. Abu shida ko bakwai a lokaci guda, kuma a hankali, ta yadda babu damar a yi wuf a wuce wajen da ba a iya ba. Da zarar kishiyar babi na goma sha huɗu ta leƙo, sai ki ga kin tsaya da ƙafa ɗaya a sama kin manta ina za ta. Jiki ne da kansa yake tona miki asiri cewa kin tafi, ba sai kin sa wa kanki ido ba. A karon farko cikin shekaru na samu minti ashirin da babu kowa a kaina sai ni.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki, numfashin da nake ta fama in rage da ƙirge, a nan shi ya rage kansa. Ba zai yiwu ki ɗaga hannu a cikin sakan biyar kina haki ba. Hannu yana hawa iska tana shiga, yana sauka tana fita. Wato wanda ya zaɓi motsin ya samu numfashin a ciki kyauta, wanda ya zaɓi numfashin kuwa wuyansa da bayansa suna nan suna jiransa. Wajen mako na shida na lura ina waiwayawa da wuya kawai idan an kira ni.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa: binciken da ya fi ƙarfi a kan Taici a kan tsofaffi da marasa lafiya aka yi shi. A 1996 wani bincike a birnin Atlanta, a kan mutanen da suka kai shekara 70, ya nuna mako 15 na Taici ya rage haɗarin yawan faɗuwa da kusan rabi. A 2010 likitocin Tufts a Boston suka gwada shi a kan mutum 66 masu wata cuta ta ciwon jiki da gajiya da rashin barci, awa ɗaya sau biyu a mako har mako 12, waɗanda suka yi Taici suka fi samun sauƙin ciwo da barci a kan waɗanda aka ba miƙe-miƙen jiki da darasin lafiya. Ba a kan 'yar shekara ashirin da takwas mai buga labari a waya aka yi ba. Abin da na faɗa game da kan marubuci, daga jikina na ɗauko shi, ku auna shi da naku.

Yanzu sai matsalolin, kuma suna da yawa, shi ya sa ban ga laifin wanda ya ce numfashin ya ishe shi ba. Ta farko malami. A Beijing mutum zai fita lambun unguwa da asuba ya tsaya bayan tsofaffi ya kwaikwaya. Mu a nan sai YouTube, kuma bidiyo ba ya gyara wa mutum tsayuwa. Mai koyarwa yana fuskantarki, damansa hagunki ne, ya juya baya ke ma kin juya, wayar tana bayanki ba ki ganin komai. Na yi mako uku a kan motsi huɗu na farko. Sannan na jawo wa kaina ciwon gwiwa, saboda na ga suna durƙusawa ƙasa sosai na ce ni ma sai na yi. Ƙa'idar da na koya da tsada ita ce gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka fuskanta, kada ta faɗa ciki, kada a murɗa ta alhali nauyi yana kanta, kuma mai koyo ya tsaya sama-sama, ɗan lanƙwasawa kaɗan ya isa.

Da na huta gwiwar ta warke, sai na sauya dabara, kuma ita nake ba duk wanda ba shi da malami. Akwai wani tsarin motsi na 'yan Sin da ake kira Baduanjin, motsi takwas ne kacal, an ambace shi tun a rubuce-rubucen zamanin daular Song. Shi ba don faɗa aka tsara shi ba, don lafiya ne, amma tafiyarsa ɗaya da Taici, a hankali tare da numfashi. A wuri ɗaya ake tsayawa, filin da tabarma za ta shimfiɗu ya isa, ana gamawa cikin kamar minti goma sha biyu. Akwai na ɗaga hannu biyu sama kamar mai tallabe rufi, akwai na jan baka kamar maharbi, akwai na waiwaye hagu da dama a hankali, akwai na sunkuyawa a shafo ƙafafu. Kai ka ce wanda ya tsara shi ya san za a yi masu rubutu da waya. Cikin mako biyu na haddace. Na sauke bidiyo ɗaya tak a waya, ban sake kashe data ba. Daga baya na koma kan motsi 24 ɗin da ƙafar da ta riga ta saba, yanzu ina na goma sha shida, ba na gaggawa.

Matsala ta biyu idon mutane. Wata rana bayan sallar asuba ina tsakar gida, hannuna biyu a sama ina saukewa a hankali, ido a lumshe, sai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa, ta leƙo neman ashana. Ta tsaya cak a bakin ƙofa, na ji ta fara salati ƙasa-ƙasa. Kafin azahar labari ya kai wa uwar mijina cewa a bincika, kamar iska ta taɓa ni, dama masu yawan rubuce-rubucen nan ba a rasa su da abu. Mun yi dariya daga baya, amma a ranar ban yi ba. Mace a gidan haya mai ɗaki goma, ko matashin da ke kwana a shago da abokai huɗu, wannan ba ƙaramin shinge ba ne. Ni dai na koma ɗaki, na matsar da kujera ɗaya, na sa sakata. Dama da hunturu ƙura ba ta barin mutum ya ja dogon numfashi a waje, da bazara kuma in ba da asuba ba zafi ba zai bari ba.

Ta uku ita ce tambayar da na san tana bakin wasunku: ba addininsu ba ne? Gaskiya ne bayanin da 'yan Sin suke yi wa Taici yana da alaƙa da falsafarsu ta Tao, da maganar wani ƙarfi da suke cewa yana zagaya jiki. Ni ban ɗauki wannan ba, kuma ban buƙace shi ba. Abin da nake yi ɗaga hannu ne da mayar da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, ba na rusuna wa kowa, ba na furta komai, bidiyon da ya fara wani zance na daban sai in wuce shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, kada ya ɗauki fatawa daga marubuciyar labaran soyayya. Masu cewa sallah ta ishe mu natsuwa kuwa, ban musa ba ko kaɗan, amma ba na so in mayar da sallata motsa jiki, kuma mai sallah ma in haƙori ya dame shi asibiti yake zuwa.

Wata ta ce mini, "Mu da muke shara da wanke-wanke da daka, wane motsi kuma ya rage?" Motsi ne kam, amma duk da sauri ake yi, ido yana kan agogo, kunne yana wajen yaro. Tafiyar ƙafa ma tana da kyau ƙwarai, ga wanda unguwarsu da lokacinsa suka ba shi dama. Sai dai ni in ina tafiya labari nake ƙullawa, mafi yawan mafitar da na samo wa taurarina a hanyar kasuwa na same ta. Wannan aiki ne mai daɗi, ban kira shi hutu ba.

Akwai waɗanda zan ce su tsaya a numfashin abinsu: mai tsohon ciki, wanda gwiwa ko ƙugu ya riga ya lalace har sai likita ya duba, wanda damuwarsa ta lokaci-lokaci ce, kamar ranar da za a fitar da sakamakon gasar Hikayata ko ranar da zai fuskanci mai ɗab'i. Shi ma mai asma ko ciwon zuciya kada ya shiga riƙe numfashi don ya gani a bidiyo. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini ya ci gaba da shan abinsa, ni ma ina zuwa awo duk wata. Idan kuma abin ya wuce gajiya, mutum ya daina jin daɗin komai, ya daina cin abinci, yana jin rayuwar ma ta ishe shi, to wannan ba na tsayuwa a tabarma ba ne, a nemi likita, kuma a faɗa wa wani na kusa tun yau.

Abin da nake yi yanzu shi ne, bayan asuba minti goma sha biyu na motsi takwas ɗin, in akwai sarari in ɗora abin da na iya na Taici. Da dare in na ajiye waya, ajiyar zuciya biyar a kwance, ba na ƙirga sakan, ba na riƙewa. Na kuma sanar da masu karatuna cewa shafi zai riƙa fita sau huɗu a mako maimakon kullum. Mutum uku suka yi fushi suka fice, ɗaya ta dawo bayan kwana tara tana tambayar inda aka tsaya. Ita kuwa tauraruwar tawa, cikin ajiyar zuciya goma sha ɗaya na bar mata biyu, sauran wuraren na tashe ta tsaye na ba hannunta abin yi.